Bazara Mai Kisa: Yadda Sarakunan Da Suka Sha Sanyi Ba Lantarki

Ranar 3 ga watan Afrilu na 2024 ma'aunin zafi a garin Kayes na ƙasar Mali ya hau har digiri 48.5. A cikin kwana huɗu na farkon wannan wata asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu, alhali kuwa a watan Afrilun 2023 gaba ɗayansa mutum 130 ne suka rasu a wannan asibiti. Mafi yawan mamatan tsofaffi ne, kuma abin ya faɗo a goman ƙarshe na watan azumi, ga ƙishirwa, ga ɗaukewar wutar lantarki.

Wannan zafi bai tsaya a iyakar Mali ba. Ya lulluɓe Barkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya, har Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, watau NiMet, ta yi ta jan kunnen jama'a. Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ƙasarsu ta fi ta kowa ni'ima a Jihar Kano, su ma sun ɗanɗana. Bambancin shi ne a Bamako an sami asibitin da ya ƙirga, a ƙauye kuwa tsoho yakan cika da hantsi, a kai shi makwancinsa kafin la'asar, a ce ajali ne ya zo. Lalle ajali ne, amma ajali yana da sanadi, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Zafin bazara ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Saboda haka ya kamata a tambaya, yaya mutanen da suka yi da shi, musamman sarakuna, waɗanda ke zaman fada cikin rawani da alkyabba a tsakiyar watan Afrilu, ba fanka, ba firji, ba na'urar sanyaya ɗaki?

Yadda zafi ke kisa

Jikin ɗan Adam yana zaune ne a kan digiri 37. In zafi ya yi yawa sai ya fitar da gumi, gumin ya bushe a kan fata, bushewar ta tafi da zafin. Zuciya kuma takan ƙara bugu domin ta tura jini zuwa fata ya huce. Saurayi mai lafiya yana iya jure wannan aiki kwana da kwanaki muddin yana shan ruwa. Tsoho da jariri da mai juna biyu da masu hawan jini ko ciwon sukari ko na ƙoda ba su da wannan rarar ƙarfi. In zafin cikin jiki ya wuce digiri 40 sai magana ta rikice, hankali ya gushe, in ba a gaggauta kai mutum inuwa an jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita ba, gaɓoɓin ciki su fara lalacewa. Likitoci sun lura kuma cewa daren da bai huce ba yana da haɗari ƙwarai, domin a cikinsa ne ya kamata jiki ya huta, sai ga shi gari ya waye zuciya ba ta sarara ba.

Bazara tana kuma da 'yan rakiya. Sanƙarau ƙwayar cuta ce ke kawo shi, amma yakan yaɗu ne a lokacin bushewa da ƙura da zafi, musamman inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki marar iska, ruwan sama na sauka kuma sai ya lafa. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, Kano kuwa tana cikin inda ya fi yin ɓarna.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci yaƙe-yaƙe da yunwa, dattawa kuma sun sa wa kowace yunwa suna, kamar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942, ga kuma farin 1973 wanda har yanzu akwai masu ba da labarinsa da bakinsu. Zafi shi ne bai sami suna ba, domin ba ya barin alama. Ba ya rushe gida kamar ambaliya, ba ya ƙone gona kamar gobara, sai dai a ga masu wankan gawa ba su zauna ba.

A ƙasashen da ake rubuta mutuwa an ga girman abin. A watan Yuli na 1743, zamanin Sarki Qianlong, mutum 11,400 suka mutu a birnin Beijing na ƙasar Sin da kewayensa tsakanin ranar 14 da ranar 25 ga wata. A bazarar 1911 Faransa ta rasa mutum wajen 40,000, galibi jarirai. A 2003 ta sake rasa wajen 15,000, Turai gaba ɗaya kuma fiye da 70,000. Rasha ta rasa wajen 55,000 a 2010. A Karaci ta Pakistan fiye da mutum 1,000 suka mutu cikin azumin 2015. A aikin Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301. A nan gida, rahotanni sun ce fiye da mutum 60 suka mutu a Maiduguri a watan Yuni na 2002.

Ya kamata ma'aikacin gwamnati ya lura da yadda Faransa ta sami lissafinta. Ba a rubuta "zafi" a kan takardar kowane mamaci ba. Ɗauko rajistar mutuwa ta watan Agustan 2003 aka yi, aka gwada ta da ta watannin Agustan shekarun baya, rarar da aka gani ita ce aikin zafi. Inda babu rajista, babu rarar da za a gani.

Ƙanƙara a kan raƙumi

Sarakunan duniya sun kashe dukiya mai yawa wajen neman sanyi. Malaman tarihi sun rubuta cewa a shekara ta 160 bayan Hijira, da Halifa Mahadi na Abbasiyawa ya je aikin Hajji, an yi masa dakon ƙanƙara har Makka. Sarakunan Mamluk na Masar suna da ma'aikata na musamman masu ɗauko ƙanƙara daga duwatsun Sham zuwa Alƙahira, wani lokaci a jirgin ruwa, wani lokaci a kan raƙuma zango-zango. A Hindu, littafin Ain-i-Akbari ya bayyana yadda ake sanyaya wa Sarki Akbar ruwan sha da irin gishirin da ake haɗa albarushi da shi, da yadda ake kawo masa ƙanƙara daga duwatsun arewa zuwa Lahore, da kuma labulen saiwar wata ciyawa 'yar'uwar jema, wanda ake ratayawa a ƙofa ana jiƙa shi, iska ta ratso ta shigo da sanyi da ƙamshi. Farisawa sun gina rumbunan ajiye ƙanƙarar hunturu, da hasumiyoyi masu kamo iska su jefa ta cikin gida, waɗanda har yau suna tsaye a garin Yazd.

Wasu kuwa gudu suka yi. Sarakunan Sin sun fara gina fadar Chengde a cikin duwatsu a 1703, suna ƙaura can in zafi ya taso. Turawan Ingila da ke mulkin Hindu sun mai da garin Simla hedkwatarsu ta bazara a 1864, kowace shekara a kwashi gwamnati da akawunanta da takardunta a hau tudu.

Gidan Rumfa

Sarkin Kano ba shi da dutsen ƙanƙara kusa. Abin da ke hannunsa shi ne jar ƙasa da giginya da ruwan rijiya da kuma mutane masu yawa, ya kuwa yi aiki da su yadda ya kamata.

Gidan Sarki, wanda Muhammadu Rumfa ya kafa a zamanin mulkinsa, daga 1463 zuwa 1499, ya mamaye fili wajen eka 33. Da tubali aka gina sorayensa, watau curin ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka shanya a rana, ana jera shi sahu-sahu ana lulluɓewa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, har kaurin bango a gindi ya kai ƙafa uku ko fiye. Asirin yana cikin wannan kauri. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Ranar da ta bugi bango da hantsi sai ta yi sa'o'i tana ratsawa, kafin ta iso ciki magariba ta yi, mutanen gida sun fito da tabarmi tsakar gida. Cikin dare bango ya amayar da zafinsa ya sha sanyin asuba, sa'an nan ya riƙe wannan sanyi ya yi ta ba ɗaki har bayan azahar. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro da tsakar ranar Afrilu ya san yadda sanyin ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa, kamar an shiga rijiya.

Rufin ma yana da nasa aiki. Azara, wadda ake faskarawa daga gangar giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta yi faɗi. Wannan ne ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗora azara kan azara kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har bakuna su haɗu a tsakiya. Da haka aka sami soro mai faɗi da tsawo, iska mai zafi ta tashi sama nesa da kan mazauna, ta fice ta 'yan tagogin da aka huda can kusa da rufi. Tagogin ƙanana ne da gangan, domin babbar taga ƙofar rana ce. A waje kuma ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ruwan damina ya zame. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shi ne gwanin misali na wannan fasaha. A Kano, ko da Sarki Abdullahi Bayero ya komo daga ziyarar Ingila ta 1934, soron da ake kira Soron Ingila bisa wannan tsari na magabata aka yi shi.

Har wa yau tsarin gidan kansa magani ne. Mai shiga fada daga zaure yake faɗawa wani zaure, daga soro zuwa soro, kusan ba ya rabuwa da inuwa. A gefe kuma ga sheka, watau kurmin itatuwa na cikin gida, wanda iska ke ratsawa kafin ta kai ɗakuna.

In Sarki zai fita rana, sai laima da figini. Tarihin Kano ya lissafa figini, watau maficin gashin jimina, tare da kakaki da takalman gashin jimina cikin abubuwan da Rumfa ya fara. Yau ana kallonsu kayan ado ne na hawan Salla, amma asalin laima inuwa ce mai tafiya, figini kuwa fanka ce. Tufafin ma ba don ƙawa kaɗai ba ne. Babbar riga tana kare fata daga rana, faɗinta kuma yana barin iska ta kewaya jiki gumi ya bushe, rawani ya tsare kai da wuya, amawali ya tare ƙura. Lokaci ma an tsara shi bisa rana: a yi zaman fada da safe, a tashi kafin rana ta take, a yi ƙailula, a komo da la'asar. Fatake ma haka suke yi, su ɗaura kaya da asuba, su sauke a zango kafin rana ta ƙwalle.

Ruwan sha kuwa randa da tulu ke sanyaya shi. Tukunyar ƙasa tana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan ta jikinta, iska ta busar da shi, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. Dabarar gumi ce dai, maginiyar tukwane ta gano ta tun kafin a rubuta ta a littafin kimiyya. Ana girke randa a kan jiƙaƙƙen yashi a lungun da iska ke bi, matafiyi kuma ya rataya salka. Sa'an nan ga fura da nono, ga kunun tsamiya, ga farau-farau, waɗanda ke mayar wa jiki ruwa da ɗan ƙarfi a lokaci guda.

Sai dai kada daɗin labari ya sa a manta da wanda ya biya kuɗin wannan sanyi. Mai riƙe da laima shi a rana yake. Kafin a yayyafa wa daɓen soro ruwa da la'asar, sai wata kuyanga ta ja guga ta cika tulu ta ɗauko a ka. Kafin damina sai an yi wa dukan sorayen nan yaɓe, aikin ɗaruruwan hannaye. Fada tana da manyan bayi masu sarauta, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, a ƙarƙashinsu kuma akwai jama'a masu yawa da ke wannan hidima, bauta kuwa ba a soke ta ƙarƙaf a dokar Arewa ba sai a 1936. Wannan ɓangare na sanyin sarakuna ya tafi, kuma babu mai hankalin da zai yi kukan tafiyarsa.

Abin da ya hana hawa tudu

Sarakunan Kano suna da gidaje a bayan birni, kamar na Fanisau, inda Bature matafiyi Clapperton ya sami Sarki Ibrahim Dabo a 1824, da na Dorayi da Nasarawa da Takai. Galibinsu ribaɗi ne ko gandu, amma fita can takan raba Sarki da cunkoson birni da kududdufansa, waɗanda Barth ya koka da su da ya zo Kano a 1851.

Mai karatu zai iya tambaya, don me ba su yi irin na Simla ba, alhali suna da tudu? Birnin Kano yana kan tsawon mita 480 ko kusa da haka daga bakin teku, duwatsun Riruwai na ƙasar Doguwa kuwa sun haura mita 1,000, kuma a ƙa'ida zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 a duk hawan mita 1,000. Ruwan sama ya fi yawa a can, yana kuma riga na birni sauka. Amsar tana cikin tarihin ƙarni na 19. Tun daga wajen 1850 har zuwan Turawa kudancin ƙasar Kano bakin daga ne, Ningawa suna kawo hari suna kwasar mutane da dabbobi. Ƙasar da ta fi sanyi ita ce ta fi haɗari, Sarki in ya nufi can da rundunar yaƙi yake zuwa.

Turawan da suka ci Bebeji a farkon Fabrairun 1903, suka shiga Kano ranar 3 ga wata, su ma da farko a gidajen ƙasa suka zauna. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, yana nan shaida. Daga baya suka yi gidaje masu faffaɗar baranda cikin itatuwa, in zafi ya ishe su su hau Jos. Lantarki bai zo birnin Kano ba sai a farkon shekarun 1930.

Gadon kudu

In aka cire figini da bayi, duk sauran dabarun fada talakan kudancin Kano yana da su, wasu ma ya fi Sarki samu. Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake ta Zariya, Clapperton ya ratsa ta a 1826 ya same ta cike da 'yan kasuwa, kuma gidajen attajirai da hakimai da dagatai na irin waɗannan garuruwa da tubali da azara aka yi su, fada ce a taƙaice. Manomi kuwa yana da ɗakin jinka, wanda ciyawarsa ke tare rana ta kuma bar iska ta fita, da rumfa a tsakar gida, da asabari a ƙofa, da maficin kaba, da malafa in zai tafi gona. Fiye da kome yana da itace. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da rimi sun cika gonaki, ba a sare su, domin ɗorawa dukiya ce mai mai ita, har gādonta ake yi. Gawo kuwa sai da rani yake yin ganye, watau daidai lokacin da mutum da dabba ke neman inuwa. A bayan wannan duka ga dajin Falgore, wanda ya shimfiɗu a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ga na Ɗansoshiya a Kiru.

Kwano da siminti sun biyo hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911, amma sai a shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka zo, suka game ƙauyuka. Yau wanda ya sayar da shinkafarsa a Tudun Wada ko masararsa a Doguwa, abin da zai fara yi shi ne ya rushe ɗakin ƙasa ya ta da na bulo. Bulo mai inci shida, mai rami a ciki, rana takan ratsa shi nan da nan. Kwano kuwa in ba a yi masa silin ba, da azahar kamar tanda yake, yana gasa na ƙarƙashinsa. Da dare a rufe taga ɗayar da ke akwai don tsoron ɓarawo da sauro, a kwantar da tsohuwa da jikoki a ciki. Irin wannan ɗaki shi ne wanda likitoci ke tsoro.

Ba daidai ba ne a ce wauta ce ta sa mutane haka. Ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, a kudu kuma, inda ruwa ya fi yawa, soron da aka yi sakaci da indararonsa yakan rufto wa masu shi a watan Agusta. Jinka abincin gobara ce. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, tsofaffin magina suna ƙarewa 'ya'yansu sun koma birkila. Ga kuma maganar mutunci, domin saurayin da ya je neman aure da ɗakin ciyawa ya san amsar da zai samu. Mutum ya sayi tsaro daga ruwa da wuta, ya biya da sanyi, da zaton lantarki zai cike gurbin.

Lantarkin kuwa bai cika alkawari ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, a ƙasar Bebeji take, ruwanta yana shayar da gonakin Kadawa da famfunan birni har ya gangara Haɗeja, an kuma gina mata tashar lantarki mai megawat 10. Duk da haka ƙauyuka da yawa na kewayenta suna iya cewa inuwar giginya ce, na nesa ka sha sanyi. A watan Oktoba na 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun yi kwanaki cikin duhu. Da a Afrilu abin ya faru, da labarin ya fi haka muni. Daga 2020 zuwa 2024 azumi ya yi ta faɗowa cikin bazara, kowa kuwa ya ga yadda ake layin sayen ƙanƙara da la'asar. Abin da sai Halifa ke samu a kan raƙumi yau ga shi a leda a bakin tasha, amma kuɗinsa yakan hau ne ranar da aka fi bukatarsa, in wuta ta ɗauke kuma a neme shi a rasa.

Itatuwan ma suna tafiya. Mai bin hanyar Kano zuwa Jos ta Falgore yana ganin buhunan gawayi a jere a bakin titi, kaɗanya kuwa tana cikin itatuwan da masu gawayi suka fi so. Itacen da ya yi shekara talatin yana girma, wuni ɗaya ya isa a kayar da shi. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution, da suka binciki zafin Mali na 2024, sun ce da ba don ɗumamar da hayaƙin masana'antu da motoci ya jawo wa duniya ba, da bai kai haka ba, kuma irinsa zai ƙara yawaita.

Aikin ofis

Laifin da ya fi girma ba na manomi ba ne. Ajujuwan makaranta da ɗakunan shan magani da gidajen ma'aikata, waɗanda da kuɗin jama'a ake gina su, mafi yawansu zane ɗaya ake bi: bulo, kwano, filin da aka share ƙaf ba ko darbejiya ɗaya. A ciki ne ɗalibai ke shirin jarrabawar ƙarshe a watannin Afrilu da Mayu, a ciki ne kuma ake kwantar da wanda zafi ya kayar. Wani ma'aikaci ne ya zana, wani ya sa hannu, wani ya biya ɗan kwangila.

Ba sai an koma zamanin Rumfa ba. A ƙauyen Gando na Barkina Faso, Francis Kere ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa da aka matse, ya ɗaga rufin kwano sama da silin na ƙasa, ya bar tazara iska na wucewa tsakani, kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. A 2022 ya sami lambar Pritzker, babbar lambar masu zanen gini ta duniya. A ƙasar Hausa ta Nijar, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci lambar Aga Khan a 1986, a Dandaji kuma Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gama sabon masallaci na matsattsen tubali a 2018, suka mai da tsohon ɗakin karatu. Jar ƙasar da aka yi waɗannan da ita tana nan birjik daga Kiru har Riruwai. Inda an riga an yi kwano, silin da farin fenti a kan rufi da taga biyu masu kallon juna da layin itatuwa ta yamma suna rage zafi ƙwarai, kuɗinsu kuma bai kai na janareta ba.

Birnin Ahmedabad na Hindu ya nuna ɗaya hanyar. Bayan zafin watan Mayu na 2010 aka duba rajista aka ga rarar mutuwa ta mutum fiye da 1,300. A 2013 hukumar birnin ta kafa tsari: in ma'aunin zafi zai kai wani mataki a yi shela, a ajiye ruwa a tashoshi da kasuwanni, a shirya asibitoci, a sassauta aikin tsakar rana. Babu abin da ke cikin wannan tsari da ya fi ƙarfin Ƙaramar Hukuma mai rediyo da limamai da sanƙira, amma da ƙirga aka fara.

Har zuwa 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, babu dagacin da bai san yawan magidantan ƙasarsa ba, kuma a rubuce suke, unguwa-unguwa. Dagatan suna nan, masu unguwanni suna nan, kuma babu jana'izar da ake yi a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa ba da sanin liman da mai unguwa ba. Littafi ɗaya a hannun kowane mai unguwa, mai gurbin rana da shekarun mamaci, a tara a ofishin hakimi a ƙarshen wata a miƙa wa Sashen Lafiya, zai isa a gwada Afrilu da Disamba kafin shekara ta kewayo.